Bazazzagi, ba laifin bindiga ba ne

Injiniyan gindin mangwaro, Sarkin Hawaye, labari ya iso mana Kano cewa ka shiga adashi don ka sayi bindigar fenti ta SATA, 'yar Jamus, wai tsohuwar taka mai arha ce ke ɓata maka kiliya. Kai Bazazzagi, ka ji tsoron Allah! Baiwar Allahn nan da ke ciyar da kai, ba ka wanke ta da tina sai ta toshe, sannan ka zura mata waya a baki. Yau kuma ita ce mai laifi?

Ban ce duk bindigogi ɗaya ba ne. SATA da Iwata ta Japan da DeVilbiss suna watsa fenti da laushi, feshinsu na fita daidai sama da ƙasa, kuma in allura ta cinye akwai wadda za ka musanya. Masu arha kuwa, biyu daga kwali ɗaya ma kowacce da halinta. Ita DeVilbiss ɗin, wani likita ne a Amurka ya fara ta a 1888 don fesa wa marasa lafiya magani a maƙogwaro, ɗansa ya mai da ita ta fenti a 1907. Da ta likitan za ka saya, da na sa maka hannu a adashin, ko ma fesa maka maganin surutu.

To amma wa zai ciyar da ita? Irin waɗannan bindigogi suna shan iska lita kusan 300 zuwa sama da 400 a minti ɗaya, kuma suna son ƙarfinta ya tsaya a wajen bar 2 ba tare da ya sauka ba. Kwamfuresarka kuwa, wadda ka gada wajen mai faci, kafin ka kai rabin ƙofa ta fara haki. Iska ta ragu, kiliya ta fito gurji-gurji kamar ɓawon lemo, ka tsaya kana yi wa mai mota turanci. Tankin nan yaushe rabonka da ka buɗe ƙasansa ruwa ya zube? Ruwa da man da ke biyo tiyo, da man sheƙin taya da yaranka ke fesawa kusa da aiki, su ne ke haƙa maka ƙananan ramukan nan a jikin fenti. Ko daga Jamus aka kawo bindiga, abin da ka ɗura mata shi za ta tofar.

Sai hawayen fentin da suka ba ka sarauta. Kiliya da hadina awo ake yi musu, galibi biyu da ɗaya, yana nan rubuce a jikin gwangwani. Kai sai ka kanne ido ɗaya ka ce ya isa. Nisan bindiga da mota taƙi guda ne, santimita 15 zuwa 20, hannu na tafiya bai ɗaya. Kai kuwa kana matsawa har ka kusa sumbatar bonet, in aka gaishe ka ka tsaya amsawa yatsa na kan kunama. Tsakanin shafi na farko da na biyu ana ba shi minti 5 zuwa 10 ya sha iska, amma ina, abinci ya iso. Ranka ya daɗe, hannunka dai akwai albarka, haƙuri ne aka raba ba ka nan.

Ƙurar hunturu ba sai na faɗa ba. Kewaye wurin da tamfol, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka yi feshi da sassafe.

Wannan kuma ba wasa: hadinar nan na ɗauke da guba mai jawo asma. Hankicin da kake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta, gwangwanin madarar da kake sha bayan aiki ba ya wanke huhu. Ka sayi takunkumi na gaske mai matata. Ina son ka daɗe, in ba kai wa zan zaga?

Na san za ka ce Bakano ne, ko kuɗin wani aka kashe sai ya ji ciwo. Na yarda. Duk da haka ka bar tsohuwar ta riƙa fesa farama da baki 1.8, ka sa wa tiyo matatar ruwa, ka nemi kwamfuresa mai numfashi, sannan ka sayi matsakaiciyar bindiga mai baki 1.3 ka keɓe ta ga kiliya kaɗai. Canjin adashin ka turo Kano, ladan shawara ne.