Watan da Malam-Buɗe-Littafi Kaɗai Yake Buɗe Littafi

Masu kamus, Allah ya gafarta musu, sun ɗauki kalmar bazara sun liƙa wa wani lokaci na ƙasar Amurka wanda ko hanya bai haɗa da bazararmu ba, domin mu a wurinmu bazara ita ce sa'ad da rana take gasa ƙeya, ruwan rijiya ya yi nisa, mutum ya kwana a tsakar gida da mafici yana duban gabas ko hadari zai taso. Su kuwa tasu ita ce sa'ad da ƙanƙara ta narke, itatuwan da suka yi wata biyar tsirara suka sake sutura, jama'a kuma suka fito daga ɗakuna suna yi wa wanda ba su sani ba murmushi, kamar fursunonin da aka yi wa afuwa ranar salla. To, a ƙarshen wannan lokaci, wato cikin watan Mayu, ƙaddara ta sauke ni a birnin Sen Luwis ta jihar Mizuri, a bakin kogin Misisifi, wurin 'yata ta fari wadda alkunya ta hana ni ambaton sunanta, da mijinta, da 'yarsu mai shekara shida, wadda ni nake kira amarya, ita kuma take kirana tsohon miji.

Amaryar nan tawa tana ajin da mu muke kira rabin aji, a wata makarantar firamare ta Kirista mabiya Martin Luta. Irin waɗannan makarantu suna da yawa a birnin, saboda Jamusawan da suka yi hijira zuwa yankin a ƙarni na 19, suka kafa ƙungiyar majami'unsu a 1847, sun zo da al'adar cewa inda duk aka gina coci sai an gina aji a gefensa, suna bin wasiyyar shehinsu, wanda tun a 1524 ya rubuta wa majalisun biranen Jamus risala yana kwaɗaitar da su ga buɗe makarantu domin yara maza da mata. Da na tambayi 'yata hujjarta ta kai ɗiyar Musulmi can, sai ta ce, "Baba, ga ta kusa da gida, yaran aji ba su da yawa, akwai ladabi, kuma ba a yi wa yaro dariya don ya ambaci Allah." Na yi shiru, domin na san tun 1962 kotun ƙoli ta ƙasar ta hana makarantun gwamnati shirya wa yara addu'a, ta yadda wanda duk yake son ɗansa ya buɗe rana da addu'a a aji, lalle sai ya buɗe lalitarsa tukuna.

Na zo da niyyar in ga karatu, kasancewata tsohon malamin makaranta wanda ya cinye ƙuruciyarsa da alli. Amma abin da na fara gani shi ne wata doguwar takarda da aka liƙa a ƙofar firji, wadda ta ƙunshi ayyukan watan Mayu, kuma bayan na yi muɗala'arta kwana biyu sai na fahimci cewa ba za a iya warware ta ba sai da ilmin fiƙihu. A cikinta akwai fardu aini, wanda babu mai ɗauke wa wani, kamar sa hannu a takardar izinin fita yawon buɗe ido, wadda in uwa ta manta da ita za a bar ɗanta a ofis yana kallon bango. Akwai fardu kifaya, wato kawo ruwan sha da lemo ranar wasanni, wanda in wasu sun yi ya faɗi a kan saura, sai dai masu yin an san su, marasa yin ma an san su, kuma ana hisabinsu da ido a wurin ajiye motoci. Akwai sunna mai ƙarfi, ita ce kyautar makon girmama malamai a farkon watan, inda kowane gida yake aika wa malama kofin shan shayi, har na ƙiyasta cewa matar da ta shekara ashirin tana koyarwa za ta iya buɗe rumfa a Kasuwar Kurmi da kofuna kawai; na kuma tuna kuɗin Laraba da muke kai wa malaminmu na allo, wanda ko ba komai yana iya sayen goro da shi. Sauran duk mustahabbai ne a rubuce, amma uwar da ta bar su sai ta kwana tana istigfari.

Abin da ya fi ba ni ta'ajibi a takardar shi ne ƙidayar kwanakin ƙarshe. Da yake a yawancin jihohinsu shekarar karatu kimanin kwana 180 ce, kuma a wannan makaranta tana ƙarewa a wajen Litinin ta ƙarshen Mayu, ranar da suke tunawa da sojojinsu da suka mutu a fagen fama, sai suka ɗauki kwana 26 na ƙarshe suka raba wa haruffan boko 26, kowace rana da harafinta da irin haukanta. Ranar da harafi ya faɗa kan kayan barci, amaryata ta tafi makaranta da rigar da ta kwana da ita, abin da in da a gidan kakarta ne da ya jawo taron dangi. Ranar da ya faɗa kan gashi, uwarta, mace mai digiri biyu, ta tashi tun asuba tana ɗaura wa yarinya kwalbar lemo a ka. Na buɗe baki zan yi wa'azi, sai surukina ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai kun ce in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura." Na rufe bakina.

Ranar kakanni aka gayyace ni aji, kuma a nan gani ya kori ji. A kusurwar ɗakin, ƙarƙashin wani allo da aka rubuta ayar haddar mako daga Littafi Mai Tsarki, akwai wani akwati na roba mai murfin gilashi da fitila a ciki, yara sun kewaye shi cikin natsuwa irin ta masu jinya, kuma a cikinsa ƙwai ne na kaza guda 12. Malamar, mace mai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba, ta yi mana sharhi cewa ƙwan yana bukatar kwana 21, da zafi wajen digiri 37 da rabi, da 'yar laima, da juyawa sau da yawa a yini har zuwa kwana na 18, kuma bayan mako guda akan kashe fitilun aji a haska shi da tocila don a ga jijiyoyin jini. Ina sauraro ina tuna kazar mahaifiyata, wadda take yin wannan aiki duka a ƙarƙashin rumbu, ba lantarki, ba jadawali, ba wanda ya taɓa aika mata kofi. Ita kuwa a nan an kori uwar, an sayi akwati a madadinta, an kuma sa mutum mai takardar shaidar malanta ya riƙa zuwa ran Asabar yana duba ko wuta ta ɗauke.

Amma adalci ya wajaba ko a cikin raha. Da ƙwan nan yaran suka koyi ɗebewa, domin kullum da safe sai sun cire ɗaya daga abin da ya rage. Da shi suka koyi rubutu, domin kowa yana da ɗan littafin da yake zana abin da ya gani ya rubuta jimla ɗaya a ƙasa. Kuma da ƙwai tara suka ƙyanƙyashe uku suka ƙi, wani yaro ya ɗaga hannu ya tambayi dalilin da ya sa Allah ya bar ukun, mas'alar da malaman tauhidi na addinai duka suka yi ƙarnoni suna juyawa, sai malamar ba ta yi masa ƙarya ba, ta ce rai ba a hannunta yake ba, su gode wa Mai shi a kan taran. Ni da na shekara talatin ina sa yara maimaita abin da ba su gane ba, na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Sai dai ban daɗe cikin wannan hali ba na ɓata rawata da tsalle, domin da aka sake kiran kakanni ranar ƙyanƙyasa aka ce su faɗi albarkacin bakinsu, sai na ce nan da wata huɗu 'yan tsakin za su isa farfesu, in an samu yaji mai kyau. Ashe kowane ɗan tsako yana da suna, kuma ɗaya daga cikinsu amaryata ce ta raɗa masa. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.

A gefen akwatin ƙwan akwai wani kofi da tsutsotsi biyar a ciki, waɗanda aka saya da kuɗi, ma'aikacin gidan waya ya kawo su har ƙofa, domin yara su ga yadda tsutsa take naɗe kanta ta yi kamar mako guda ko kwana goma sannan ta fito da fukafukai. Da aka sake su a farfajiya, yara suna ihu, iyaye suna ɗaukar hoto, na ga ɗaya ya sauka a kan fure yana buɗe fukafukai yana rufewa, sai na ce a raina lalle Bahaushe ya iya suna, domin a duk faɗin makarantar nan, a wannan mako, malam-buɗe-littafi kaɗai na gani yana buɗe littafi.

Zancen ƙuli-ƙulin da na ɗauko daga gida don in raba wa yara ba zan tsawaita shi ba. Ya isa a ce an tare ni a ƙofa da ladabi, an karɓe ƙullin kamar an kama ni da albarushi, aka bayyana mini cewa a cikin yaran akwai wanda gyaɗa take iya shaƙe wa numfashi har ta kai shi asibiti, kuma gaskiya ne, na gamsu, sai dai ɗan ƙasar da aka yi dalar gyaɗa bai taɓa zaton zai ga wannan rana ba. Haka nan tafiyarmu gidan namun daji na birnin, wanda shigarsa kyauta ce, cikin doguwar motar nan ruwan ɗorawa da suka daidaita launinta tun 1939: an damƙa mini amanar yara biyar, na kai su gaban zaki, suka juya masa baya suka bi wani kurege da yake satar gurasa a kwandon shara.

Ranar wasanni kuwa aka yi tseren buhu da jan igiya da gudu da ƙwai a cokali, inda na ga an fasa a sa'a guda ninkin abin da aka yi mako uku ana jinya. Abin lura shi ne babu wanda ya faɗi: na farko ya samu kyalle mai sheƙi, na ƙarshe ma ya samu, har wanda ya zauna a tsakiyar fili yana kuka an ba shi nasa. Mu da muka tashi da langa, inda wanda aka kayar yake tashi ya kaɗe ƙura ya haɗiye dariyar 'yan'uwa, sai muka rasa wa za mu yi wa barka.

Sa'an nan aka zo babbar rana, wato saukar karatun 'yan rabin aji. A garinmu yaro ba ya ganin walimar sauka sai ya ratsa izu sittin, bayan shekaru na tawada da wanke allo da bulalar gardi, kana a yi masa zayyana a yanka rago. A nan kuwa wanda ya san haruffa 26 kuma ya iya ƙirga ɗari, sai a sa masa alkyabba da hula mai kusurwa huɗu da tuntu, a jera su a cikin coci, a buga musu taken da Edward Elgar na Ingila ya tsara a 1901, wanda aka kaɗa a jami'ar Yale a 1905 ranar da aka ba shi digirin girmamawa. Da wannan kiɗa na manyan shehunai amaryata ta taka zuwa gaban Fasto, tana jan alkyabba da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana cikin hanci. Fasto ya yi addu'a, yara suka rera waƙa a kan jirgin Annabi Nuhu, kowa da kunnuwan dabba na kwali, kuma ban ga ko ɗaya daga cikin wannan da idona ba, saboda iyaye wajen ɗari sun miƙe sun ɗaga wayoyi, sai dai na kalli jikata a cikin wayar wani ƙato da ke gabana, shi ma ta kusurwa. Aka raba takardun yabo, wannan ta yawan murmushi, wancan ta iya jera kujeru, tawa kuma ta samu ta taimakon jama'a, ita da a gida ba ta ɗauke kwanon da ta ci. Na waiwaya in yi wa surukina ba'a, sai na tarar injiniya guda yana share hawaye da hular kansa; na kau da kai don kada in kunyata shi, kuma don kada ya ga nawa.

Yanzu an rufe makaranta sai bayan kusan wata uku, an mai da 'yan tsaki wurin manomin da ya ba da ƙwan, takardar firji ta sauka, wata ta hau, ta ayyukan hutu. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana dattawa waɗanda 'ya'yansu suke aiko musu da tikitin jirgi: in an ce ku zaɓi wata, kada ku zaɓi Mayu, in kuwa ya zama dole, to ku zo da takalmi mai taushi da maganin ciwon gwiwa, ku bar ƙuli-ƙuli a gida, kuma kome kyan ɗan tsakon da aka nuna muku, ku tambayi sunansa kafin ku ambaci yaji.