Littafi Ɗaya, Unguwa Guda

Wanda ya tsara dogon hutun makaranta a Togo bai shawarci damina ba. Daga Yuli zuwa Satumba, malamin Faransanci na sakandaren Adjengré zai ce kowane ɗalibi ya karanta littafi, misali L'Enfant noir na Camara Laye wanda ya fito a 1953, ya rubuto taƙaitaccen bayani. Baba kuma yana da tasa manhajar: fartanya, gonar masara da kunyar doya. Malamin allo ma ya ce ai yanzu aka samu lokaci.

Littafin kuwa kwafi ɗaya ne a unguwa, mai shi kuma ya hau mota zuwa Sokode wurin gwaggo. Daga can aka ara wa wani ɗan Dapaong. Littafin dai ya sha yawon hutu, ba wanda ya dame shi.

Ana jibi komawa makaranta, sai littafin ya dawo, yarinya ɗaya mai himma ta karanta, sauran su kwafe har da kuskuren rubutunta. Malam ya duba, ya yaba haɗin kan ajin.

Yara, ku karanta da kanku, don ranar jarrabawar BEPC ba a aron ƙwaƙwalwa.