Zuwa Ga Bazazzagin Da Ya Tare A Sararin Samaniya

Bazazzagi, bawan Kanawa. In wannan takarda ta same ka a doron ƙasa, to madalla. In kuwa ta tarar ka riga ka lula, sai uwargida ta ajiye maka ita a ƙarƙashin rimot, don nan ne kaɗai na tabbata hannunka zai kai kafin gari ya waye.

Mako uku ke nan a jere ina buɗe shafinka ina neman abin da marubuci zai ce game da tsadar taki da kuɗin makarantar yara, sai in tarar kana can kana ta kirarin wani mai tsinin kunne wai shi Spock, wanda bai da uwa bai da uba a kowace unguwa ta duniyar nan. Mutane suna lissafin kwanon masara, kai kana lissafin cewa Star Trek na farko, wanda aka soma nunawa a Amurka a 1966, kashi 79 ne, kuma ka kalli kowanne sau uku. Da haddar nan a allo ka zuba ta, da yanzu mu ne muke zuwa Zariya ɗaukar karatu a gabanka.

Kada ka ce sharri nake maka, da idona na gani. Ranar da na zo ɗaurin auren ƙanwarka, na biyo ta gidanka a Tudun Wada da la'asar sakaliya. Na tarar an saki labule, falo duhu dunɗum kamar ɗakin mai jego. Kana zaune a ƙasa ka tanƙwashe ƙafa, tabarau ya zamo har karan hanci, ga tuwon rana a gefe ya sandare, miyar kukar ta yi fata. Sallama uku na yi. A ta ukun ne ka ɗago hannu ba tare da ka waiwayo ba, ka ce, "Dakata, jirgin zai tashi." Ni da na yi tafiyar awa biyu a mota, ni ne zan dakata wa jirgin da ke cikin akwati.

Allah da ikonsa, ko minti biyar ba a yi ba aka ɗauke wuta. Salatin da ka yi, na ɗauka saƙon rasuwa aka kawo. Nan take ka zaro kuɗin cefanen gobe ka tura yaro da galan ya sayo fetur. Ka fita bayan ɗaki ka dinga fizgar igiyar janareto, yana tari yana mutuwa, gumi ya jiƙa maka singileti. Mutumin da yanzun nan ya gama yi mini bayanin yadda injin kumbo yake nannaɗe sarari kamar tabarma ya wuce gudun haske, shi ne ya kasa gane fulogi ne ya yi baƙi. Ni Bakano, da ban san sunan tauraro ko ɗaya da Turanci ba, na ɗauko sifanata na kwance shi, na kankare da guntun waya, na hure, na mayar. Ja ɗaya ya tashi. Ko sannu ba ka ce mini ba, da gudu ka koma ciki kada jirgi ya tafi ya bar ka.

Washegari a wurin ɗaurin aure ka ƙarasa ba mu kunya. Dattijo ya miƙo maka hannu, kai kuma ka ɗaga tafi ka raba yatsu biyu nan biyu can, irin gaisuwar mutanen su Spock. Bawan Allah ya dubi hannun ya dube ni, ya sunkuyo ya ce mini a kai ka wurin mai ɗori tun abin bai yi nisa ba.

Yanzu kuma an ce ka shiga koyon Kilingon, harshen da wani Ba'amurke masanin harsuna, Marc Okrand, ya zauna ya ƙera wa miyagun cikin fim ɗin, har ya fitar da ƙamusunsa a 1985. Da na ji labari na yi ta mamakin yadda ka kama shi da wuri haka, sai da aka gaya mini cewa a wannan harshe kalma ɗaya ce ke ɗaukar "shi" da "ita". Nan na ce to ai magana ta fito. Gida ka koma. Mutanen da ke cewa "matana ne", suna cewa "miyan ya yi daɗi", su za a koya wa harshen da bai san mace ba bai san namiji ba? Ni ina ganin wannan Bature ya taɓa kwana a Kwarbai, bai dai faɗa ba ne.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne duk nisan da kake zaton ka yi, a maƙwabta kake yawo. Ƙauyen da jarumin Star Wars ya tashi a fim ɗin 1977, mai rana biyu a sama, a Tunisiya aka ɗauke shi, gidan ramin nan ma a Matmata yake, kuma sunan duniyar tasu daga garin Tatawin aka aro. A na 1983 akwai wani mataimakin matuƙi mai kumatu kamar an naɗe alkaki, wanda duniya ta ɗauka yaren wata tauraruwa yake yi, ashe har da Kikuyu na mutanen Kenya a bakinsa. Ka zo mini da Dune kana rawar jiki, littafin Frank Herbert na 1965 da aka mayar fim, kana rattaba mini Mahadi da Lisanul Gaibi kamar kai ka tono su. Ka leƙa zaure ka tambayi gardin da ke wanke allo, zai fassara maka su kyauta, ya ƙara maka da i'irabi. Hamadar kuwa ta Jodan ce da ta Abu Dabi. Ka biya kuɗin data don ka kalli yashi da rawani.

Wuri ɗaya ka taɓa kayar da ni, kuma zan faɗa don kada a ce Bakano ba ya adalci. Ranar da ka ba ni labarin Nichelle Nichols, baƙar matar da ta fito a Star Trek a matsayin Uhura, sunan da aka ciro daga kalmar 'yanci ta Suwahili. Ta so ta bar wasan bayan zangon farko, Martin Luther King da kansa ya roƙe ta ta zauna, saboda a lokacin ba kasafai baƙar mace ke fitowa a talabijin ɗin Amurka ba sai a matsayin 'yar aiki. Wata yarinya da ke kallonta, Mae Jemison, ita ce ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992. Wannan kam na yi shiru. Ashe ƙarya ma in an iya shirya ta, takan haifi gaskiya. Amma sau ɗaya ne, kada ka saba.

A fagen barkwanci ma haka kake. Mr Bean kashi 15 ne kacal, amma ka kalle shi har faifan ya gaji. Na lura abin da ya haɗa jininku: a farkon shirin daga sama yake faɗowa tim a kan titi, ya tashi yana waige-waige bai san inda yake ba. Haka kake yi duk ranar da ka sauka a tashar Unguwa Uku. Kana da Ƙasimu Yero a garinku, Allah ya jiƙansa, wanda Karambana kaɗai ta isa a tuna da shi. Kana da Samanja Mazan Fama, Usman Baba Pategi, da ya ɗauki Hausar bariki ya mai da ita abin da tsoho da yaro ke jira a gaban akwati. Mu muna da Rabilu Musa Ibro, wanda tun rasuwarsa a 2014 ba a sami mai cike gurbinsa ba. Sau nawa ka rubuta shafi guda a kansu? Sai dai Bature mai ɗan beyar tsumma.

To tunda sama kake so, zauna in karanta maka tarihi, bawa ba ya sanin asalin gidan ubangijinsa sai an gaya masa. Lokacin da Amurka ta fara harba mutum ya kewaya duniya, sai da ta kafa tashoshin bibiya a wurare daban-daban, kuma ɗaya a Kano aka kafa ta. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, John Glenn ya zagaya duniya sau uku a kumbon Friendship 7 cikin ƙasa da awa biyar. Da ya iso samanmu, da tashar Kano ya yi magana. Ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, na tashar suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Ka ji ko? Shekara huɗu kafin a haifi Spock ɗinka, ƙurar Kano ta riga ta shiga tarihin 'yan sama jannati. Ta kan Zariya kuwa wucewa ya yi, ko sannu.

A wannan shekarar dai, ranar 3 ga Oktoba, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami ta ƙasar Katsina, kusa da wani manomi da ke korar hankaki daga gonarsa. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya ɓallo. Ni a nawa binciken, Zage-zagi aka aiko shi ya nema, da ya matso ya ji irin Hausar da ake yi sai ya karkata ya faɗa garin da ya fi kusa da sunan. Kwanan baya ma, a 2023, an tsinci wani a yankin Agadas mai kusan kilo 25, aka yi gwanjonsa a New York a 2025 kan sama da dala miliyan 5, har hukumomin Nijar suka buɗe bincike kan yadda aka yi ya fita daga ƙasar. Mars da kanta tana jifanmu da tsakuwa tana neman a kula ta, kai kana ɗaki ka saki labule.

Ka taɓa tsayawa ka yi tunanin ranar da baƙin nan naka za su sauko da gaske? In a Kano suka sauka, a bakin Kantin Kwari, kafin ƙurar saukarsu ta lafa ɗan kamasho ya riga ya kama hannun shugabansu, ko da hannun shida ne, ya ja shi rumfa. Za a auna shi a yanka masa shadda yadi goma, a ce ai kalar ta hau da koren fatarsa. 'Yan canji na Wapa su fitar da farashin kuɗinsu kafin azahar. Wani Alhaji ya zagaya kumbon sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da makulli, ya ce, "Nawa za ka bar shi, tsakani da Allah? Ka ga fa ya sha tafiya." Kafin magariba an kwance shi a Ƙofar Ruwa, an jera kayan gyara. In kuwa tsautsayi ya kai su Zariya, wayyo. Za ku kafa kwamiti, ku zaɓi shugaba da sakatare, ku tambaye su a wace jami'a suka yi digirin farko. Wani farfesa zai gyara musu Turanci. A shirya taron ƙara wa juna sani na kwana uku, a gabatar da maƙala goma sha biyu kan ko sun zo ko ba su zo ba, su kuwa suna zaune a layin baya yunwa na cin su. Da kansu za su roƙi a nuna musu hanyar Kano.

Ga inda nake son kai ka tun ɗazu. A 1969, shekarar da aka taka wata, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙon da ya ɗauke shi zuwa sama. Da Hausa, a garinku, tun kafin a san Star Wars da shekara takwas. Wannan abin alfahari ne da ko ni ba zan iya ƙwace muku ba, kuma Allah ya sani na gwada. Sai ga shi jikan gidan ya zama ɗan kallo. Shekara goma sha ɗaya kana gaya mini kana rubuta littafin almarar kimiyya. Na ga littafin rubutun a kan teburinka, mai bangon shuɗi: ka rubuta "Babi Na Ɗaya", ka ja layi biyu a ƙasa da jan biro, sauran shafin kuwa lissafin bashin mai shago ne.

Kuma kada ka ce mini Hausa ba ta da kalmomin. Tana da kumbo, tana da tauraron ɗan Adam, tana da mutum-mutumi. Kakarka da ba ta taɓa shiga aji ba ta san Zara matar wata, ta san Gamzaki, ta san kaza da 'ya'yanta, da su take gane dare ya raba. Yaran da suka cika gidajen kallo suna bin Koi Mil Gaya da PK a fassarar Hausa, har suna kwaikwayon muryar baƙon, me kake zato za su yi in aka ba su wanda ya sauka a gindin Kufena ya nemi fura?

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Watan cika-ciki yana tafe. Ka zo Kano da ƙafarka, ka kawo mini kuɗin shara kamar yadda iyayenka suka saba, ka haɗo da babin farko, shafi ashirin, rubutun hannu ma na karɓa. Ni zan zauna in gyara maka "ne" da "ce" kyauta. In ka zo hannu rabbana, labarin janareton nan a shafin farko zai fito, har da hoton singiletin.

Sifanata mai lamba goma tana wurinka tun ranar. Ka taho da ita.