Taura Biyu a Bakin Gulbin Rima

Manya suna cewa a da, idan bazara ta kama a ƙasar Goronyo, addu'ar manomi ɗaya ce: Allah Ya kawo ruwa. Yanzu sai ka tambayi mutum abin da ya noma kafin ka san addu'ar da za ka taya shi da ita. Ana noman fadama a nan tun zamanin jigo, amma madatsar ruwa ce ta mai da kusan kowa manomin rani. An kammala ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, bango mai tsawon kilomita 12.5 da ya tare Gulbin Rima, in ta cika kuwa takan riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Sakkwato da Birnin Kebbi suna sha daga gare ta, mu kuma daga Goronyo har Wurno muna zuba ta a fangalin albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama.

Rigimar tana tashi ne a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Mai albasa ya cire kayansa ya adana, ba abin da yake so illa rana da busasshiyar iska. Mai gero ya share gona ya wasa sungumi, idonsa na gabas. Da mutane biyu ne daban, da sai kowa ya ji da tasa. To sau da yawa mutum ɗaya ne, kuma a shekarar da nake ba da labari ni ne mutumin. Na zama kamar mai mata biyu da ba sa ga maciji da juna: duk wadda sama ta faranta wa rai, ɗayar ce za ta kwana tana kuka.

Malamin makaranta ne ni. Ganin yadda albashi ke ƙarewa tun wata bai raba ba, na karɓi aron 'yan fangali a wajen Takakume na dasa albasa, ga kuma gonar tudu ta gado da ake shuka gero. Albasa ta yi kyau, har masu wucewa suna tsayawa su ce tubarkalla. Da na cire ta a watan Maris, dillali ya zo ya zagaya tarin, ya ɗauki ɗaya ya matsa, ya faɗi wani kuɗi da bai kai na fetur ɗin da injin ban-ruwa ya sha ba. Haka kasuwar take a kakar albasa, kowa ya fito da tasa lokaci guda. Wanda ya iya riƙe ta har ƙarshen damina, lokacin da manyan motoci ke neman ta ruwa a jallo don kai wa Legas da Anaca, shi ke cin riba ninki-ba-ninki. Na ɗauki alli na yi lissafi a bangon zaure, na sallami dillali.

Wurin ajiyar albasa shi ne rudu. A kafa gwafanni, a shimfiɗa gadon itace sama da ƙasa kamu guda, a jera karan dawa, a kewaye da zana, a zuba albasa, a ɗora jinka. Dabarar duka iska ce: ta shiga ta ƙasa, ta ratsa tsakanin albasa, ta fita da gumi. Na kafa nawa a bayan gida. Da aka zo kan jinka, mai baibaya ya faɗi kuɗinsa, na ce ashe har yanzu akwai masu tsammanin ba mu shigo zamani ba. Na tafi kasuwar Goronyo ranar Lahadi na sayo tamfol shuɗi sabo fil, na kuma sauke wata manhaja a waya mai nuna hoton rana ko gajimare na kowace safiya.

Kawu ya zo ya duba aikin. Ya zagaya rudun, ya shafa tamfol, ya ce, "Malam, albasa rai gare ta. In ka toshe mata hanci, za ta gaya maka." Na ce, "Kawu, ai sai hadari ya taso zan rufe." Ya ce, "To, Allah Shi ba ka ƙahwa." A lokacin na ɗauka addu'a ce kawai.

Zafi ya yi zafi, ma'auni na wuce 40 tun kafin azahar, mutane na kwana a tsakar gida. Sai wani dare aka goce da ruwa. Na tashi a guje na rufe rudu, da asuba kuma na ratayi sungumi, na kwashi yara da ƙwaryar iri muka nufi tudu. A hanya muka tarar da Kawu tsugune a bakin gonarsa yana tona ƙasa da hannu. Ya nuna mini ramin: danshi bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ƙarƙashinsa busasshen rairayi. Ya ce, "Wanga ba ruwan shibka na ba, ruwan wanke ƙura na. Sai laima ta kai ga gwiwar hannu." Na ciro waya na nuna masa gajimare jere reras har ƙarshen mako. Ya ƙura wa hoton ido, ya ce hadarin yana da kyau ƙwarai, in ya sauka daga cikin wayar in aiko a gaya masa.

Muka shuke gonar tas. Gero ya tsiro kore shar, ni kaɗai a duk jerin gonakin. Na riƙa bi ta majalisa da yamma don a tambaye ni, in an tambaya in ce ai ilimi ne. Daga nan sama ta ɗaure fuska. Tsiron ya fara nannaɗewa da rana yana warwarewa da dare, daga baya ya daina warwarewa.

A gida kuma, da yake waya ta yi alkawarin ruwa, na bar tamfol a ɗaure ram. Wata safiya uwargida ta leƙo ɗaki ta ce, "Malam, wani abu ya mutu a bayan gida." Na ɗaga tamfol, wani tururi ya buge ni har sai da na ja baya. Albasa ta yi magana kamar yadda Kawu ya ce. Muka wuni muna tsince ruɓaɓɓu, ƙudaje na taya mu.

Tun daga ranar na shiga sabon aiki. Hadari ya haɗo a gabas, in ruga in rufe. Ya yi cida, ya yi walƙiya, ya watse ko bakan gizo ya shanye shi, in koma in buɗe. Wani lokaci ina tsakiyar darasi zan hango baƙi ta taga, in bar wa yara jinga a allo in hau babur. A nan na fahimci addu'ar ƙafa da Kawu ya yi mini. Ba a jima ba matan unguwa suka gano cewa duk ran da na rufe, ba a ruwa. Sai ka ji ana kiran yaro: "Je ka duba ko Malam ya ruhe albasa." In ya dawo ya ce na rufe, sai a bar shanya a waje hankali kwance.

Da fari ya tsananta, liman ya sanar da fita roƙon ruwa. Muka hallara a filin idi da hantsi, manya da yara. A damana wani tsoho ne da bai da komai sai gonar tudu, aminsa har cikin ƙashi. A hagu wani mai tafarnuwa ne ɗan wajen Wurno, muka haɗa ido muka sunkuyar da kai, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya ajiye a bayan gida. Ni dai na ce amin, Allah Ya sani, amma a zuci ina ta ƙarin bayani: a zuba shi sosai a tudu, in ya iso kwalbatin shiga gari ya ɗan sassauta. Ashe bayanin ya fito fili. Muna fita Kawu ya riƙo hannun rigata ya ce, "Malam, yanzu kai ka raba ma hadari hanya?"

Muka taka tare zuwa gida. Kawu ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya yi. Ya ce ya ga watan Satumba na 2010, lokacin da madatsar ta cika maƙil aka buɗe ƙofofinta, ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki, ya yanke gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya kuma ga 2018, lokacin da ruwan ya ja baya har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma, birnin Sakkwato ya shiga wahalar ruwan sha. Wanda ya ga waɗannan biyun, in ji shi, gajimare ɗaya ba ya sa shi gudu. Sannan ya tambaye ni daga ina nake tsammanin ruwan madatsar yake zuwa. Ruwan damina ne da ya sauka a ƙasar Katsina da Zamfara da Maraɗi, ya biyo gulabe ya taru a nan. "Ruwan da kake ma gudu yau," in ji shi, "shi za ka ɗebo da kuɗin fetur in rani ya yi." Na ce wannan magana ce mai kyau, amma ba ta rufe rudu.

Ranar da abin ya faru, waya ta nuna rana ƙwal, ba ko ɗigon gajimare. Bayan la'asar sai iska ta ɗauke ɗif, awaki suka fara shigowa gida da kansu. Na ɗaga kai, gabas ta yi ja wur tun daga ƙasa har sama. Haka hadarin farkon damina yake zuwa a ƙasarmu: daga gabas, sanyayyar iska ta faɗo daga cikinsa ta turo ƙura a gaba, sai ta gama ɓarnarta sannan ruwa ya biyo, in ya ga dama. Uwargida ta ce in shigo ɗaki. Na ce mata namiji ba ya barin dukiyarsa a waje.

Na haye kan rudu da tamfol. Na ɗaure kusurwa biyu a gwafa, ta uku na danne da turmi, ta huɗu kuwa, da yake igiya ta yi saura, na naɗe ta a kuguna don kada ta kuɓuce. Ina gama ƙulli iskar ta iso. Tamfol ya kumbura, turmi ya gangara, gwafannin nan biyu suka tuge. Rudu ya yi ruku'u ya amayar da albasa. Ni kuma na tsinci kaina ina tafiya yamma ba da niyya ba, wani lokaci da ƙafa, wani lokaci da gwiwa, mafi yawa da ciki. Na ratsa dangar gidanmu, na ratsa ta maƙwabci, na faɗa tsakar gidansa inda matansa ke kwashe tukwane. Tun da nake ban taɓa wuce zauren gidan nan ba. Ina kwance cikin tokar murhu na tuna ladabi, na ce, "Salamu alaikum." Uwargidansa ta amsa, ta sa wuƙar yankan kuɓewa ta datse igiyar. Tamfol ya tashi sama ya bi ta kan bishiyar dogon yaro, ko waiwaye bai yi ba.

Sai ruwa ya ɓarke, har da ƙanƙara. Na fito ta ƙofa wannan karon, na tarar da albasata tana bin kwata a jere, yaran unguwa tsirara suna tare ta da kwanoni suna ihun murna. Wasu sun dawo da abin da suka kama, wasu sun kai gida. A daren nan duk lungun da ka bi ƙamshin miya ɗaya ne.

Da gari ya waye na je tudu da ɗan sauran fata. Tsiron da fari ya bari, iska ta binne shi da rairayi, gona ta koma sumul ba ko alamar layi. A can gefe Kawu ya zura hannu cikin ƙasa har gwiwa, ya zaro shi da laka, ya ce wa yaransa bismilla. Irina ya ƙare tun shukar farko, sai na tsaya ina yaba kyan yanayi har ya gaji ya aika a auno mini daga rumbunsa. Bai ce komai ba, sai tambaya ɗaya: me wayar ta ce yau? Na duba, ta ce rana.

Abin da ya tsira na albasa na sayar wa dillalin nan na farko. Ya matsa ɗaya, ta fitar da ruwa, ya rage daga kuɗin da ya faɗa a Maris. Geron shuka ta biyu ya yi, ba laifi, ko da yake rabin abin da aka ɗaure ya tafi biyan bashin fetur da gyaran dangar maƙwabci.

Bayan kaka, ina kan hanyar Achida na tsaya wurin wani mai shayi a bakin titi. Na ɗaga kai, rumfarsa shuɗiya, a kusurwa ga facin atamfa da uwargida ta ɗinka da hannunta, ga guntun igiyata na lilo. Na tambaye shi inda ya sayi tamfol. Ya ce, "Saye? Alhaji, wanga daga sama ya zo, ranar babbar iskan nan. Rabo na." Na rasa ta inda zan ɓullo wa mutumin da ya kafa hujja da rabo, sai na ce a soya mini ƙwai. Ya fasa biyu, ya tsaya da wuƙa a hannu ya ce in ina son albasa a ciki sai na ƙara kuɗi, don yanzu buhu ya ninka kuɗinsa na kakar albasa har ba a magana, wanda duk ya yi haƙuri ya adana bana ya warke. Lissafin da na yi a bangon zaure ke nan, bai kuskure ko kwabo ba. Na ce a soya haka nan.