Ranar da Teku Ya Sace Mini Takalmi

Ni mutumin Kano ne, kuma duk ruwan da na sani a rayuwata ruwa ne mai ladabi. Kududdufin unguwarmu yakan cika a watan Agusta, ya ƙafe kafin bazara. Dam ɗin Tiga ma in zai ja baya, watanni yake yi yana sallama. Ba a taɓa jin wanda ya ajiye buta a bakin kududdufi da hantsi, ya dawo da la'asar ya tarar ruwa ya ci ta ba. Da wannan ilimin na sauka Plymouth, a kudu maso yammacin Ingila, da sunan karatu.

Wata rana na ga sanarwa manne a allo: za a yi yawon ganin halittun bakin teku a Wembury, kowa na iya zuwa, akwai mai jagora. Kalmar yawo kawai na riƙe. A wurinmu in an ce yawon buɗe ido, ado ake ci, a ɗauki hoto, a aika gida. Don haka ran Asabar na ciro farar shaddata ta sallah, na kafa zanna bukar, na zura takalmin fatar da na sayo a Ƙofar Wambai bayan cinikin da ya kusa raba ni da mai shagon. Abokin zamana, wani Bazazzagi mai baki, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ɗaurin aure za ka ko bakin ruwa?" Na ce masa hassada ga mai rabo taki ce.

Wembury ƙauye ne kudu maso gabas da Plymouth, bas ke kai mutum. Akwai tsohon coci a kan tudu yana leƙen ruwa, can ciki kuma ga wani tsibiri da suke kira Mewstone, kamar an ɗauko Dutsen Dala an dasa a teku. Na tarar da mutum wajen ashirin, rabinsu yara, kowa da rigar ruwa da takalmin roba da ɗan bokiti. Ni kaɗai ne fari fat a cikinsu, kamar balbela a garken shanu.

Mai jagorar wata dattijuwa ce mai furfura da kaifin ido, irin matan da in sun kalle ka sai ka tuna laifin da ka yi shekara goma baya. Nan take na sa mata Gwaggo a zuciyata. Ta yaba shaddar, sannan ta dubi ƙafata ta girgiza kai. Ta buɗe akwatin kayan aro, aka yi ta gwaji, ba a sami wanda ya shige ni ba sai wani takalmin roba ruwan hoda mai zanen furanni. Ta ce in bar nawa can sama jikin katanga, inda kowa ya ajiye jakarsa.

To, ni an sace mini takalmi sau uku a masallacin Juma'a, kuma darasin da na koya shi ne kada ka ajiye naka inda kowa ya ajiye nasa. Na faki idonta na ƙunshe shi a leda, na sauka da shi can ƙasa, na cusa a wani kogon dutse busasshe. Na yi wa wurin alama da wata koriyar ciyawa, ina jin daɗin dabarata.

Gwaggo ta tara mu ta fara bayani. Ta ce teku yakan ja baya ya dawo sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wata ne ke jan ruwan, rana na taimaka masa. In sun daidaita a layi ɗaya, wato lokacin tsayuwar wata da lokacin cikarsa, ruwan yakan ja baya sosai ya kuma cika sosai, har bambancin ya kusa mita 5 a wannan gaɓar. Ta tambaya ko akwai wanda ya san kwanan wata a sama. Turawa suka yi tsit. Na gyara hula na ce yau 16 ga wata, shekaranjiya ya cika. Gwaggo ta ce a tafa mini, aka tafa. Kaina ya kumbura har hular ta matse ni, kuma a daidai wannan lokacin ne ta faɗi ƙarfe nawa ruwan zai juyo. Ban ji ba. Ina can ina tsara yadda zan ba Bazazzagi labari.

Muka shiga fagen. Inda teku ya tashi ya bar duwatsu da ƙananan tafkuna, kowanne da jama'arsa. Dokokin Gwaggo kaɗan ne: in ka ɗaga dutse ka mayar da shi yadda ka same shi, don wanda ke zaune a ƙarƙashi ba ya rayuwa a sama, dabba ɗaya a bokiti ɗaya, da ruwan teku a ciki, in an gama kallo a mayar da kowa gidansa.

Na fara da wani ɗan katantanwa mai siffar malafa da ke manne a dutse. Na sa yatsa zan ɓamɓare shi, ya ƙi. Na sa hannu biyu, ya ƙara ƙanƙamewa. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 7 ba ta ce, "Ba a cire su. Gidansa ne." Ashe in ruwa ya rufe shi yakan fita kiwo, yana kankare gansakuka da haƙoransa, sannan ya dawo daidai gurbin da ya sassaƙa wa kansa kafin ruwa ya janye. Gwaggo ta ƙara da cewa a 2015 masu bincike a Jami'ar Portsmouth sun auna haƙoran nan, suka tarar sun fi zaren gizo-gizo ƙarfi. Abin da bai kai murfin kwalba ba ya kayar da ni a gaban yara.

Sai wani jan abu mai sheƙi kamar ruɓaɓɓen tumatir. Na ɗauka shara ce. Ɗan'uwansa da ke cikin ruwa kuwa ya buɗe kamar fure, yana kaɗa 'yan yatsu yana jiran abin da zai harba ya haɗiye. Har fararen ƙurajen da suka rufe duwatsun, waɗanda nake takawa ba sallama, ashe rayayyu ne, dangin ƙaguwa. Kowanne ya manna kansa a dutse tun yana ƙarami, in ruwa ya zo sai ya miƙo ƙafafu yana shuro abinci zuwa baki. Charles Darwin ya yi shekara 8, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin waɗannan. Na ji sanyi a raina, don ni shekara ɗaya kawai na ƙara a digirina na farko, har yau ana yi mini gori a gida.

Daga nan na ɗaga wani faffaɗan dutse, na yi ido huɗu da ƙaguwa mai jajayen idanu kamar wanda ya kwana a tasha. Gwaggo ta riga ta nuna mana yadda ake kama ƙaguwa, ta baya, yatsa ɗaya a kowane gefen ƙoƙon, ta kuma ce mai jan ido a bar mata ita. Amma mutumin da aka tafa wa ba ya jiran mace ta kama masa ƙaguwa. Sauran ƙaguwoyi gudu suke yi. Wannan tsayawa ta yi, ta buɗe hannu biyu kamar ɗan dambe, ta cafke mini babban yatsa.

Salatin da na saka, ina jin har cocin can sama an ji. Na yi tsalle baya, ƙafata ta sauka kan ciyawar teku mai santsin kuɓewa, na tafi da baya cikin tafki, zaune daram. Sanyin ruwan ya ratsa ni har haƙori. Hulata ta tashi ta sauka gefe, tana yawo a kan ruwa kamar kwalekwale. Yarinyar nan ta tsamo ta, ta leƙa ciki ta tabbatar babu dabba, sannan ta miƙo mini.

Da na tashi a nan na tafi gida, da asarar ta tsaya kan shadda. Sai wani yaro ya tsinci wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, mai tsaga a ciki. Ina gani na ce wuri! Na shiga ba su labari ruwa na ɗiga daga rigata: cewa kakanninmu da danginsa suke ciniki, ana kawo shi tun daga tsibiran Maldibis, kuma kalmar kuɗi da muke faɗa yau jam'in wuri ce. Aka sake tafa mini. Da aka tashi taro kowa ya nufi sama, sai na ce bari in ɗan tsaya in samo guda biyu uku na kai wa Hajiyarmu. Gwaggo ta ce kada in wuce rabin awa. Na ce to.

Wuri a Wembury ba ya samuwa da arha. Na duƙa ina tono, na ba teku baya, ban san awa nawa ba. Shi kuma ba ya zuwa da hayaniya. Yakan fara a hankali, sai a awa ta uku da ta huɗu ya kwararo rabin ruwansa gaba ɗaya, yana bi ta lunguna yana zagaye mutum. Ihun Gwaggo ne ya ɗago ni. Na waiga na ga ruwa ya shiga tsakanina da tudu, na kutsa ciki har gwiwa ina riƙe da gindin riga.

Sai na tuna takalmi. Na nemi dutse mai koriyar ciyawa. Duk dutsen da ya rage a Wembury koriyar ciyawa ce a kansa, nawa kuwa yana ƙarƙashin ruwa. Jakunkunan da aka bari jikin katanga suna nan, ko ƙuda bai taɓa su ba. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, ta dai ce in riƙe na robar in dawo da shi wani mako.

Haka na hau bas, shadda rabi fara rabi kore, yatsa a kumbure, furanni ruwan hoda a ƙafa, wuri ɗaya tak a aljihu. Bazazzagi ya buɗe ƙofa, ya dube ni, ya ce, "Allah ya sanya alheri, an ɗaura?"

Da dare na kira Hajiya na zayyana mata komai. Ta yi shiru, can ta ce, "Yanzu ruwan da kansa ya tafi, ya kuma dawo?"

Na ce, "Sau biyu ma a rana, Hajiya."

Ta ce, "To gobe ka koma da wuri ka tsaya. In ya sake tafiya ka ɗauko takalminka."