Tukunyata Mai Takardar Izini

Ba a daɗe da ba ni shaidar kammala koyon nutso a teku ba na ci karo da tukunyar iska a wani gwanjon ƙofar gida a Filorida. Ta ƙarfe ce, ba tsatsa ba lotsawa. Tsohon da ke sayarwa ya ce ciwon gwiwa ne ya raba shi da ruwa. Na taya, ya sallama tun ban rufe baki ba, har ya kama mini muka sa a mota.

Yaron shagon ɗura iska ko kallon kyanta bai yi ba. Kafaɗarta ya leƙa, inda aka buga lambobi a jikin ƙarfen, ya ce gwajinta na ƙarshe ya wuce shekara 5, don haka ba zai sa mata ko numfashi ɗaya ba. Ya tura ni wurin masu gwaji.

Mai gwajin dattijo ne, yawancin aikinsa tukwanen kashe gobara. Ya sa tabarau ya karanta: DOT-E9791, sai 3442. Ya yi ajiyar zuciya irin ta likitan da ya ga sakamakon da ba ya so.

"Abokina, wannan 'yar izini ce."

Ya yi mini bayani. Tukwanen ƙarfe na gargajiya, masu alamar 3AA, ƙa'idarsu tana rubuce a kundin doka, ba ta ƙarewa. Tawa kuwa an ƙera ta da ƙarfen da ya fi ƙarfi, domin ta ɗauki matsin iska har psi 3442 ba tare da ta yi nauyin da zai karya ƙugu ba. Tsohuwar ƙa'ida ba ta san da irinta ba, shi ya sa kamfanin Pressed Steel Tank na Milwaukee ya karɓi izini na musamman daga Ma'aikatar Sufuri. Izinin yana da wa'adi, sai an riƙa sabunta shi. In ya mutu, shi ba zai gwada ba, shago ba zai ɗura ba, ko da ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Ya ce in ba shi lokaci ya bincika.

To, ni tun da na sauka ƙasar nan nake sabunta takardun zama, ba wanda zai koya mini wannan ciwo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ita haifaffiyar Amurka ce, amma ga ta a layi ɗaya da ni.

Na koma gida na buɗe mata fayil. Na sa rasit ɗin da tsohon ya rubuta a bayan ambulan. Na shimfiɗa farin zanen gado a bango na ɗauke ta hoto, gaba da gefe. Uwargida ta shigo ta tsaya.

"Maigida, lafiya?"

"Takardu muke haɗawa."

"Ku da wa?"

Na nuna mata. Ta fita ba ta ce komai ba, sai na ji tana waya da yayarta a hankali.

Washegari na ɗauki fayil na nufi ofishin lauyan da ke riƙe da shari'ar zamana. Ya saurare ni har ƙarshe, Allah ya saka masa. Ya danna kwamfuta, sannan ya ce hukumar da ke kula da wannan ita ce PHMSA, kuma mai riƙe da izinin ne ke neman sabuntawa, aƙalla kwana 60 kafin wa'adi ya cika. In an nema a kan lokaci, izinin na nan da rai har a yanke hukunci. Ni mai tukunya ba ni da ta cewa. Kuɗin wannan shawara ya fi kuɗin tukunyar.

Ga shi kamfanin ya daɗe da daina ƙera tukwanen nutso. Ma'ana, numfashina a ƙarƙashin teku yana hannun wani bawan Allah da ban sani ba, a wani ofishin da ban sani ba, wanda ake fatan ya tuna ya cike takarda. Na sa shi cikin addu'a, shi da iyalinsa da kalandarsa.

Da na koma, dattijon ya miƙo mini kwafin izinin, yana nan da ransa. Ya cire bakin tukunyar, ya cika ta da ruwa, ya zura ta cikin wata babbar tukunya ita ma cike da ruwa, ya matsa ta fiye da abin da za ta taɓa ɗauka a aiki. Ana auna yadda ƙarfen ya kumbura da yadda ya koma. In bai koma yadda ya kamata ba, a buga X a kan lambobinta, shi ke nan. Tawa ta koma. Ya ɗauko guduma ya buga mata wata da shekara.

Na kai ta shago ina taƙama. Yaron ya ce saura dubawar ido ta shekara-shekara. Ya zura fitila ciki, ya ce akwai ɗigon tsatsa, sai an goge, in dawo mako mai zuwa.

Na shigo gida hannu biyu. Uwargida ta dube ni.

"Maigida, wai tun da ka sayi abin nan, ban da ruwan gwaji, akwai ruwan da ya taɓa ta?"