Jarumin Littafi da Mayaƙan Mongol

A littattafan almarar yaƙi na Turawa, barde mai sulke ba ya gajiya. Shi kaɗai zai kutsa cikin rundunar Mongol, ya sassare ɗari, ya fito ko gumi bai yi ba, har da sauran numfashin yi wa gimbiya daɗin baki.

Tarihi kuwa bai san da wannan bawan Allah ba. A 1241, a Legnica ta ƙasar Folan, Mongol suka yi kamar sun tsere. Baraden Turawa suka bi su a sukwane, ƙarfe na ƙara, dawakai na haki. Can sai masu gudun suka juyo da ruwan kibau daga kan doki. Shugaban rundunar Turawan, Henry na Biyu, a nan aka sare masa kai. Bayan kwana biyu Sarki Bela na Hangari ya sha kashi a Mohi, ya ranta a na kare.

A 1242, bayan rasuwar babban sarkinsu Ogedei, Mongol suka juya don kansu, ba wanda ya kore su.

Mai karatu, ka sha labari, amma kada ka kafa hujja da shi a majalisa.